Tasirin Gauraye da Gashi a kan Zirin Ƙarfen Maganaɗisu: Abin Lura ga Taransifomomin Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda gaurayen sinadarai da gashin wuta ke sauya halin zirin ƙarfen da ake naɗa zuciyar taransifoma da shi, da abin da hakan ke nufi ga Tambuwal da Kebbe, yankin da Kaduna Electric ke rarraba wa wuta.

Asalin zirin

A 1960 Pol Duwez da abokan aikinsa a Caltech ta Amurka suka nuna cewa narkakken gauraye, in aka sanyaya shi da saurin kusan digiri miliyan a daƙiƙa, yakan daskare ƙwayoyin zarrarsa ba su jeru ba. Daga nan aka kai ga zirin Metglas na ƙarfe da silikon da boron, mai kaurin maikiromita 25, wanda ake samu ta kwarara narkakken ƙarfe a kan juyayyen gangan jan ƙarfe. Da wannan ziri, wutar da zuciyar taransifoma ke ci a banza takan ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sai dai zirin yakan ƙoshi da maganaɗisu a tesla 1.56, alhali farantin ƙarfe mai silikon na kaiwa 2.0, don haka dole zuciyar ta ƙara girma.

Gauraye da gashi

A 1988 Yoshizawa da abokansa a Hitachi Metals suka fitar da FINEMET: ƙarfe kashi 73.5, silikon 13.5, boron 9, niyobiyam 3, jan ƙarfe 1, a lissafin zarra. Kashi ɗayan nan na jan ƙarfe ba na ado ba ne. In aka gasa zirin awa guda a wajen digiri 550, jan ƙarfe ke haddasa tsirowar ƙwayoyin kiristal birjik, niyobiyam kuma ya tare su kada su wuce nanomita 10 zuwa 15. Herzer ya nuna a 1990 cewa a wannan ƙanƙanta, in girman ƙwaya ya ninka biyu, taurin kan maganaɗisun na iya ninkawa 64. In gashi ya haura digiri 600 sosai kuwa, ƙarfe da boron su haɗe, aiki ya lalace.

Abin lura ga Tambuwal

Ribar zirin Metglas tana taruwa ne muddin akwai wuta a layi, ko da ba mai ja. Inda ake rabon wuta, kuɗin da aka ƙara wajen saye zai daɗe bai dawo ba, kuma masu tallar zirin ba su cika faɗin wannan ba.

Gyara ya fi tayar da hankali. Masu naɗin waya sun saba babbake tsohuwar waya don ta saku. Metglas yakan fara komawa kiristal a wajen digiri 510, zafin da wutar gawayi ke zarcewa nesa, ga shi bayan gashin masana'anta yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Ya kamata Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta auna asarar irin wannan zuciya kafin gyara da bayansa, a zafin Afrilu mai haura digiri 40, tun ba a yi odar ko ɗaya ba.