Madubin saiti a kan bindigar farauta mara nauyi

1/ Da yawanmu gani muke girman madubin saiti shi ne ingancin bindiga. Jeff Cooper bai yarda ba.

2/ A 1983 ya tara gwanayen harbi a Gunsite, jihar Arizona ta Amurka, suka tsara bindigar "scout": tsawo kada ya wuce mita 1, nauyi wajen kilo 3, har da madubi.

3/ To, ina ƙaton madubi zai shiga wannan lissafi? Sai ya zaɓi ƙarami, mai jawowa ninki 2 zuwa 3, a ɗaura can gaba, maharbi ya bar idanu biyu a buɗe. Barewa ta zabura, ba ta ɓace maka ba.

4/ Sojojin Jamus sun riga shi da ZF41 a 1941, ninki 1.5. Maharban nesa ba su so shi ba, don bai kai inda suke harbi.