Rigar Aro: Zubi da Tsarin Labari a Fim ɗin Barkwancin Siyasa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Gusau idan zaɓe ya ƙarato ya san ba a rasa wanda zai miƙe ya kwaikwayi ɗan takara: yadda yake gyara babbar riga a kafaɗa, yadda yake ɗaga hannu, yadda yake sabunta alkawarin rijiyar burtsatse da ya ɗauka shekara huɗu baya. A ƙyalƙyale da dariya, a watse. Wannan kwaikwayo ne, amma bai kai labari ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce abin nazarinmu, domin a nan ne yawancin finafinanmu na barkwanci suke tuntuɓe idan suka taɓa siyasa. Ana samun gwanin ban dariya, ana samun habaici mai zafi, amma da an yi minti talatin sai mai kallo ya ji fim ɗin yana tafiya a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Yi wa mai mulki dariya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. A kalankuwa, samari kan naɗa wa junansu muƙamai bayan an kawar da amfanin gona, wannan gwamna, wancan alƙali, su yi mulkinsu na 'yan kwanaki. Ga tashe a watan azumi, ga 'yan kama. Ƙasar Zamfara kuwa gida ce ta zambo da habaici, ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya ta yankin Bungudu, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo. Abin lura a wasan gauta da kalankuwa shi ne ginshiƙinsu ɗaya ne: mutum ya shiga rigar da ba tasa ba, kowa kuma ya san ba tasa ba ce. A ganina, wannan rigar aro ita ce ƙashin bayan fim ɗin barkwancin siyasa a ko'ina. A The Great Dictator na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1940, wanzami ne aka ɗauka a matsayin shugaba mai kama-karya saboda kamanni. A Your Excellency, fim ɗin da Funke Akindele ta ba da umarni a 2019, attajiri ne da ya saba shan kaye a takarar shugaban ƙasa, sai rawarsa da soshiyal midiya suka mai da shi ɗan takarar da ake tsoro. A Yukren, Volodymyr Zelensky ya fito a matsayin malamin makaranta da ya zama shugaban ƙasa a wani shiri da aka fara a 2015, sai ga shi ya ci zaɓe na gaske a 2019.

Gaɓar farko ke nan, shigar riga. Ita ce mafi sauƙi, kuma marubutanmu sun iya ta: mai gadi ne uban gida ya tsayar takarar kansila don ya riƙa juya shi, ko ɗan acaɓa ne aka yi maslaha a kansa saboda manya biyu sun kasa jituwa. Sharaɗinta guda ne, mai kallo ya san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba. Daga nan sai kumbura: jiniya, 'yan jagaliya, sojojin baka a rediyo, dangin da ba a taɓa gani ba, rabon atamfa da taliya, ƙarin aure.

A nan gizo ke saƙar. Kumbura tana da daɗin ɗauka, ba ta buƙatar rubutu mai yawa, ɗan wasa mai basira zai iya ƙirƙirar ta a gaban kyamara. Finafinan da ake kira camama a masana'antar Kannywood da haka suka ginu, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna iyakar abin da baiwa za ta iya yi da wannan salo. Amma idan fitowa ta biyar da ta goma da ta goma sha biyar duk abu ɗaya suke faɗa, wato wannan mutum bai dace da kujerar ba, to an jera barkwanci ne kamar tsinken tsire. Cire uku daga ciki, ko ka sauya musu wuri, ba abin da zai canja. Wannan ita ce jarrabawar da nake auna zubin fim da ita: fitowar da za a iya ɗauke ta ba tare da ta gaba ta rushe ba, ado ce. A labari mai tsari, kowace fitowa bashi take ci, wata a gaba ta biya. Ƙaryar da ya yi wa matarsa ita za ta tilasta masa yi wa uban gidansa wata, ita kuma ta ja shi sa hannu a takardar da za ta kama shi.

Xala na Sembene Usman, ɗan Senigal, wanda ya fito a 1975, ya isa abin koyi a wannan fage. Alhaji Abdu Kader Beye ɗan kasuwa ne cikin waɗanda suka gaji kujerun Faransawa a majalisar 'yan kasuwa. Ya yi aure na uku da shagali na kece raini, sai a daren farko ya tarar an ɗaure shi, ya kasa kusantar amarya. Duba yadda abu ke haifar abu. Neman magani ya ci dukiyarsa da hankalinsa, kasuwanci ya lalace. Malamin da ya warkar da shi, da cek ya biya shi, cek ɗin ya dawo babu kuɗi, ciwo ya dawo. Abokansa suka kore shi daga majalisa. Sannan mabaratan da ya sa 'yan sanda suka kwashe daga ƙofar ofishinsa tun farkon fim, waɗanda mai kallo ya ɗauka cikon hoto ne, su ne suka shigo gidansa a ƙarshe, ɗaya daga cikinsu ya bayyana cewa shi ya yi ɗaurin saboda Alhaji ya cinye masa gado. Maganin da suka gindaya shi ne ya tuɓe su tofa masa yawu. An binne iri a farkon fim, ya tsiro a ƙarshensa, kuma ba wanda ya tsaya ya yi wa mai kallo wa'azi.

Ba sai mun je Dakar ba. Siyasar Zamfara ta 2018 zuwa 2019 ta ba da zubin da marubuci zai yi shekara bai ƙago irinsa ba. Ba ina nufin mutanen da abin ya shafa 'yan camama ne ba, jerin al'amuran kawai nake dubawa. A Oktoban 2018 jam'iyyar APC mai mulkin jihar ta kasa kammala zaɓen fid da gwani cikin wa'adi, saboda rikici tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da wasu 'yan takara, cikinsu har da Sanata Kabiru Marafa, mai wakiltar Zamfara ta Tsakiya, wato Gusau da Tsafe da Bungudu da Maru. Hukumar zaɓe ta ce jam'iyyar ba ta da 'yan takara. Irin da aka binne ke nan. A Janairun 2019 wata kotu a Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, wata a Abuja ta goyi bayan hukumar zaɓe. Aka shiga zaɓen gwamna a ranar 9 ga Maris, Mukhtar Shehu Idris na APC ya sami ƙuri'a sama da 500,000, Bello Matawalle na PDP bai kai 200,000 ba. Aka yi murna, aka fara shirin rantsuwa. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a miƙa mulki, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un APC duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna da na majalisun tarayya da na jiha suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Kujerar Marafa kansa, wanda ɓangarensa ya yi nasara a kotu, ta tafi PDP. Sai kuma juyi na biyu: a Yunin 2021 Matawalle ya sauya sheƙa zuwa APC, jam'iyyar da kotu ta karɓe kujerar daga hannunta ta ba shi. A 2023 ya yi takara a inuwarta, Dauda Lawal na PDP ya kayar da shi.

Abin da ya ba wannan jeri ƙarfi shi ne ba wani abu da ya faɗo daga sama. Hukuncin Mayu yana kwance cikin rikicin Oktoba, kowa ya gan shi, hayaniyar kamfe ce ta mantar da mutane. Haka tonon asiri ya kamata ya zo a fim, ya ba mai kallo mamaki, sannan nan take ya ce ai dama.

Ƙarshen labari shi ne inda na fi jin takaicin finafinanmu. Sau da yawa 'yan sanda ne za su bayyana daga inda ba a sani ba su yi awon gaba da azzalumi, ko wani dattijo ya zauna ya karanto darasin fim ɗin, ko mugu ya fashe da kuka ya tuba. Akwai dalili, kuma ba ragwanta ce kaɗai ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure Ibro wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko, shi da ya taɓa aikin gandiroba. Tuhumar da aka karanta ta shafi rajistar kamfani da rawar da aka ce ba ta dace ba, amma mutane da yawa sun fassara abin da cewa wata waƙa ce a fim ɗin aka ɗauka habaici ga gwamnan lokacin. Wanda ya ga haka zai so ya rufe fim ɗinsa da tuba. Wataƙila shi ya sa ma shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ko da yake ba na barkwanci ba ne, ya ƙirƙiri jiharsa ta Alfawa ya zuba gwamnoninsa a ciki. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi wa'azin dole. Illar ƙarshen tuba ita ce yana ɗora laifin duka a kan mutum ɗaya, ya wanke uban gidan da ya tsayar da shi, da ɗan jagaliyar da ya yi masa ihu, da mai zaɓen da ya karɓi sabulu. Ƙarshen da ya dace da siyasarmu shi ne a cire wa wannan riga, mai kallo ya ga ana auna ta a jikin wani.

Akwai wani nauyi da marubucin Zamfara yake ɗauke da shi wanda na Legas ba ya ɗauke da irinsa. Jiha ce da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, matafiyi kuma ba ya bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau sai da addu'a a baki. Mai kallo a Bungudu ko Kwatarkwashi yana iya zama wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Wannan bai hana dariya ba, amma ya ƙayyade inda za a nufa da ita. Idan ta sauka a kan ɗan gudun hijira ko baƙauyen da bai iya Turanci ba, fim ya zama cin fuska. Wurin saukarta shi ne mai ayarin motoci da ya zo jaje da masu ɗaukar hoto. Kuma tsarin labari ya tanadi gaɓa guda, can wajen kashi biyu cikin uku na fim, inda dariya za ta ɗauke ɗif, tauraro ya ga abin da wasansa ya jawo wa wani. Chaplin ya yi haka, Sembene ma ya yi. Fim ɗin da bai da wannan gaɓa ba ya zama a zuciya bayan an kashe waya.

Kirana ga matasan da ke ɗaukar gajerun bidiyo a Gusau da Tsafe da Bungudu suna sakawa a YouTube da TikTok: kafin ku kira ɗan wasa, ku zauna ku rubuta fitowar ƙarshe, sannan ku koma baya ku binne irinta a minti goma na farko. Wanda kuma yake neman abin gwaji, ya ɗauki kwana 76 da ke tsakanin 9 ga Maris da 24 ga Mayun 2019, ya sauya sunaye, ya ƙirƙiri jiharsa, ya gina labarin a kan telan da aka ba ɗinkin kayan rantsuwa.