Asalin Kalma: Zayyana

Kalmar zayyana Hausawa sun aro ta daga Larabci, inda take nufin ƙawatawa. Daga tushenta ne aka sami sunan Zayyanu.

A makarantun allo na Tasawa da Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, zayyana ita ce adon allon wanda ya sauke Alƙur'ani. Mai zayyana kan fere alƙalamin kara, ya ja layuka da da'irori da tawada ja da rawaya da kore, ya bar fili a tsakiya don Fatiha ko farkon Baƙara. Ba ya zana mutum ko dabba. A Alƙur'anin rubutun hannu kuma, zayyana ce ke nuna izifi da rubu'i da sumuni, ana kuma sa wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya.



Yau ma'anar ta faɗaɗa. Ana yi wa gini da hula zayyana, mai jawabi kuma yakan zayyana dalilansa ɗaya bayan ɗaya.