Daga Jigo Zuwa Fiyol Fam: Waiwaye Kan Hanyar Mai a Injinan Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Matuƙan jiragen ruwa na Yawuri da sauran garuruwan bakin kogin Kwara sun daɗe da sanin cewa ba kullum ne bushewar tanki ke kashe inji ba. Sau da yawa man yana nan, hanyarsa ce ta toshe. Shi ya sa tiyon da ke kai mai ga injin jirgi yake da wata 'yar roba mai kumburi da ake matsawa da hannu, manyan jirage kuma sukan ajiye famfon mai na biyu da agogon da ke nuna ƙarfin turinsa. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba mu da babban kogi, sai dam-dam irin na Mairuwa da Gwaigwaye. Amma wannan magana tamu ce, domin lambun tumatir da inji ya mutu a cikinsa ana tsakiyar zafin bazara, kwanaki kaɗan ne ke raba shi da asara.

Injina sun shigo ƙasar nan ne a bayan auduga. Tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi, layin dogon da ya ratsa Funtuwa daga Zariya kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sai dai waɗannan kayan kamfani ne da na gwamnati. Manomi yana nan da garmarsa, mai lambu da jigonsa, yana ɗebo ruwa guga-guga daga safe har rana ta take.

Sauyin gaske ya zo ne a 1975, da aka fara Shirin Raya Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gwambe. Ya haɗa Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Aka buɗe hanyoyin karkara, aka kawo takin zamani da irin masara, tarakta ta zama abar da ɗan ƙauye ke gani a gonar maƙwabcinsa. Da ita ne matasanmu suka fara koyon hanyar mai. Man gas yakan taso daga tanki, wani ƙaramin famfo ya ja shi, ya bi ta filta, sannan ya isa ga babban famfon injekta. Idan mai ya ƙare ko tiyo ya saki, sai a ce iska ta shiga, kuma ko an cika tanki inji ba zai tashi ba. Direba zai sassauta ɗan noti a kan filta, ya riƙa danna wani ɗan hannu da ke jikin ƙaramin famfon, kumfa tana fita, har mai ya fito tas babu kumfa, sannan ya ɗaure. Wannan ɗan hannu shi ne famfon ko-ta-kwana na farko da manomin ƙasar nan ya sani, kuma duk wanda ya iya aiki da shi ba ya kwana a gona.

A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma akori-kurarsa ce ta yi ta dakon taki da masara zuwa kasuwannin Dandume da Bakori. Famfon man wannan mota inji ne ke motsa shi. Idan ya mutu a hanya, sai yaron mota ya ɗaure galan a saman mota, ya zura tiyo zuwa kafireta, man ya gangaro da kansa. Dabara ce mai haɗarin gobara, ba wanda zai yabe ta, amma ta nuna cewa a lokacin mai mota yana ganin hanyar mansa da ido, yana kuma iya kai mata hannu.

Sai ƙaramin injin ban ruwa, mai bakin inci 2 ko 3, wanda ya fara bazuwa a fadamun Arewa a shekarun 1980, ya ƙara yawa da Shirin Fadama na ƙasa daga 1993. Kafin nan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar jihar mai suna KTARDA ta gaji aikin raya noma. Wannan inji shi ya kori jigo, shi ya faɗaɗa noman rani a Ɗanja da Ƙafur da kewayensu. Abin sha'awa, ba shi da famfon mai sam. Tankinsa a sama yake, fetur na sauka da nauyinsa, ya bi ta wani ɗan kofi a ƙarƙashin makunnin mai inda ruwa da tsatsa ke kwanciya. Mai lambun da ya san aikinsa yakan kwance kofin nan ya wanke, ya ɗora tsumma mai tsabta a bakin mazurari kafin ya zuba mai. Wanda bai sani ba kuwa, sai ya ji inji yana shaƙewa yana tari, ya canza filogi, ya sake canzawa, alhali ƙwayar yashi ɗaya ce ta tsaya a kafireta.

Daga ƙarshen shekarun 1990, motocin hannu daga Turai suka cika tashoshinmu, su Golf da Sharan, yawancinsu masu injekta. Nan ne aka ɓoye mana hanyar mai. Famfon mai, wato fiyol fam, ya koma cikin tanki, da lantarki yake aiki, kuma turin da ake buƙata ya ninka. A ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, kafireta ba ta neman abin da ya wuce 3 zuwa 6, injekta kuwa tana neman wajen 40. Galan a saman mota ba zai taɓa ba da wannan ba. Ga shi fetur ɗin cikin tanki ne ke sanyaya famfon, don haka direban da kullum yake yawo da ɗan mai a gindin tanki yana dafa famfonsa ne, yana kuma tsotso dattin da ya kwanta.

Abin da ke damuna shi ne, injinan sun sauya amma hannun gyaranmu bai bi su ba. Mota ta riƙa jan ƙafa a hawa, bakanike ya sa kunne, ya ce nozul ne. A wanke nozul, a sayi kwayil, a canza filogi, kuɗi su tafi, cuta tana nan. Alhali akwai ɗan agogon da ake jonawa a bututun mai. Idan allurarsa ta tsaya ƙasa tun mota na tsaye, ko ta faɗi da zarar an taka totur, an san famfo ya gaji ko filta ta toshe. Aikin 'yan mintuna ne. Famfo ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba, yakan yi ta raguwa makonni, kuma agogon nan ne ke tona shi kafin ya zubar da direba da lodin tumatir a hanyar Zariya, ko a dajin da yanzu ba wanda ke son dare ya riske shi a ciki.

'Yan shekarun nan sun ƙara tsananta lamarin. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, aka janye shi, ƙarancin mai ya biyo baya, mutane suka koma ga jarkokin 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Masu lambu da dama suka sauya kafiretar injinsu zuwa mai aiki da gas na girki, masu hali suka koma sola. Ko gas ɗin ma maganar turi ce: ragaleta marar kyau ko tiyo mai yoyo kusa da inji mai zafi ba abin wasa ba ne.

Don haka kirana ga ƙungiyoyin makanikai da na direbobi a Funtuwa da Malumfashi: kowace gareji ta mallaki agogon auna turin mai, a koya wa yara karanta shi kamar yadda ake koya musu riƙe sifana. Direban doguwar tafiya ya ajiye fiyol fam da filta a but. Ƙungiyoyin 'yan fadama kuma su tanadi kafireta da inji guda na karo-karo tun kafin a dasa tumatir, kada a jira sai ganye ya fara yaushi.