Bangon Gabas: Yadda Shafen Gida Ya Sauya a Illela

Duk maginin da ya san aikinsa a Illela, in aka kira shi gyaran gida, bangon gabas yake fara zagayawa ya duba. Daga can hadari yake tasowa, ya turo iska da rairayi a gaba, sannan ruwa ya biyo baya a karkace yana dukan bango. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ta iske bangon da ya sha hunturu ya bushe ƙayau, ya kuma sha ranar bazara da ke haura digiri 40. Abin da aka shafa wa bangon nan shi ke nuna ko gida zai ga baɗi. Tarihin sana'armu kusan dukansa tarihin wannan shafen ne.

Iyayenmu da laka suka yi aiki. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a zuba ruwa, a watsa haki ko ƙaiƙayin gero da kashin jaki, a shiga da ƙafa a tattake, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa. Kwaɓin da bai ruɓa ba tsagewa yake yi, kuma magini da hanci yake gane wanda ya nuna. Da irin ƙasar da aka yi tubali da ita ake yin yaɓe: yaro ya dunƙula ya cilla sama, magini yana zaune bisa katanga ya cafe, ya maka, ya bi da tafin hannu. Shi ya sa har yau za ka ga sawun yatsu jere a jikin tsofaffin zaurukan Araba da Kalmalo. Ba wanda ya ɗauki yaɓe abin dindindin. An san ruwa zai ci rabonsa, don haka kafin damina ta faɗi kowane gida ya sabunta, a toshe tsaga, a gyara indararo, wani lokaci da gayya, a dama fura a sha. Daɓe da shafen cikin ɗaki kuwa na mata ne.

Masu hali suna ƙarawa da makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa ko a dafa, ruwan ya fito ja-ja mai duhu, a kwaɓa ƙasa da shi, bango ya yi tauri ya riƙa zamar da ruwa. Ɗorawa ba ta da yawa a ƙasar nan tamu ta rairayi, sayo ɓawon ake yi daga kudu, saboda haka makuba alamar wadata ce. Sama da ita sai laso, simintin Hausa na asali: katsin da ya kwanta a gindin rijiyar marina, a ƙone shi a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fatar akuya, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rufin soro da rawanin katanga, wuraren da ruwa ya fi zama. A nan ne sana'armu ta jingina da wasu: ba laso sai da marini, ba laso sai da majemi, ga Sakkwato kuwa gidan jar akuya. Da atamfa da yadin kanti suka rufe rijiyoyin marina ɗaya bayan ɗaya, katsi ya ɓace, laso ya bi shi. Mutane na cewa siminti ne ya kashe laso. Ni a ganina ya iske shi kwance ne, ya ƙarasa.

Garuruwan da ke gindin tuddai suna da nasu ciwon kai. Daga Gwadabawa zuwa nan akwai tuddan marmara, in kuma ka haye Birnin Ƙonni ka nausa ƙasar Adar, dutse ne ko'ina. A irin wuraren nan ruwa biyu ke cin gida, na sama da wanda ke gangarowa daga tudu ya zaizaye gindin bango. Maginan Adar dutse suke jerawa a tushe har ya kai gwiwa kafin su ɗora laka, su yi dakali a gefen da ruwa ke bi, su karkatar da shi tun bai iso ba. Mun koyi wannan daga 'yan cin rani da ke saukowa bayan girbi. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarnin da ya wuce ba ta taɓa raba maginan Illela da na Ƙonni ba, kasuwar Lahadi tamu ce tare, ta Laraba ma haka.

Sai siminti ya zo, kuma ya zo mana ta fuska biyu. A shekarun 1960 Nijar ta kafa masana'antarsa a Malbaza, can gaba da Ƙonni kaɗan, ta Kalambaina a Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Ƙauye a bakin iyaka sai ga shi tsakanin kamfanoni biyu. Da farko gine-ginen hukuma kaɗai ake gani da shi, ofishin kwastan, makaranta, asibiti. Bayan farin 1973 da kuɗin man fetur da suka biyo baya, da ƙarin albashin Udoji, sai 'yan kasuwar shanu da na hatsi suka fara son gidansu ya yi kama da na gwamnati. Daga nan sana'a ta rabu biyu. Ga magini mai gadon gidansu, wanda ke ƙarƙashin Sarkin Magina, yana aiki da hannu da ido. Ga kuma birkila, wanda ya koya a wurin ɗan kwangila, da cokalinsa da filam da igiya. Birkila ya fi samun kuɗi, yara suka bi shi, ni ma cikinsu.

Ɓarna mafi girma da aka yi a shekarun nan ita ce shafa siminti a kan bangon laka. Ba kowa ke da kuɗin bulo ba, amma kowa na iya sayen 'yan buhuna ya rufe laka, daga waje gida ya yi fes. Illa dai laka tana numfashi, ta kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya motsi. Shekara biyu ko uku sai su rabu. Ruwa ya sami 'yar tsaga a sama ya shige, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa laka a ɓoye, gara ta sami inuwa ta yi gida. Bango yana ruɓewa daga ciki, fuskarsa lafiya lau, kamar goron da tsutsa ta cinye.

An taɓa kiran maigidana, wanda na koyi aiki a hannunsa, duba wani zaure irin wannan a cikin gari. Ya ɗauki ƙotar cokali yana bin bangon yana ƙwanƙwasawa. A wani wuri sauti ya fito daskare, a wani ya yi ƙwal-ƙwal, alamar ba komai a baya. Ya zura bakin cokali a tsaga ya ɗan banƙara, sai faffaɗan ɓawo ya ɓallo ya faɗi, ƙasa mai laushi ta zubo, ga hanyoyin gara sun yi reshe-reshe, ga ƙusoshin da aka kafa don su riƙe simintin duk sun yi tsatsa sun kumbura.

Mai gidan ya ce, "Malam, a ƙara siminti mana, a yi mai kauri wanga karon."

Maigidana ya ce, "Alhaji, kaurin shi ka jawo shi ƙasa. In kana son zauren ga, a ɓanɓare duka, a bar shi ya sha iska, mu mai da mai ƙasa tai."

Alhaji bai yarda ba, ya kira wani.

Dabaru an yi su iri-iri don a ɗaura wannan auren dole: a kafa ƙusa, a cusa tsakuwa ko fasassun kwalabe a laka tun tana ɗanya, a ɗaura wayar kaji. Wasu suka koma kwaɓa ƙasa da kwalta ko baƙin mai. Tsakuwar ta fi sauran amfani, don ba ta tsatsa. Feshi da ɗan injin hannu, wanda ke watsa siminti tsabar-tsabar, shi ma ya fi sumul ɗin filasta daɗewa, saboda ba shi da nauyi kuma in ya ɓalle kaɗan-kaɗan yake ɓallewa.

A daidai lokacin da muke rufe laka don kunya, a ƙauyen Yama na jihar Tawa, kusa da ɗaya Illelar ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, yana gina masallacin Juma'a da laka zalla. Ya fara a 1962, ya koma kansa a 1975 ya ƙara tulluwa da hasumiyoyi huɗu, a 1986 kuma aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Mutanen garin ne ke sabunta yaɓensa. Yawancin birkilolin Illela ba su taɓa jin sunansa ba, alhali ba wata tafiya ba ce tsakaninmu.

Kada a ce ina ƙin siminti, da shi na ci abinci. A kan bulo, filasta ita ce daidai, kuma in an yi ta yadda ya kamata sai ta ga jikoki. Amma ƙasar nan ba ta yafe ganganci. Siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, bushewa ba ta ƙara masa komai, ga shi iskar hunturu na iya tsotse filasta tun birkila bai gama gugar ta da katako ba. Dole a jiƙa bulo kafin a shafa, a yi aikin da sassafe ko da la'asar, a bi shi da ban ruwa safe da yamma har mako guda. Inda ake sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, ban ruwan ne farkon abin da mai gida ke yankewa. Sai yashi: rairayin da iska ta tara ya cika laushi da ƙura, filastarsa tsattsagewa take yi, mai kyau shi ne na gindin ƙorama, mai kaushi. Sai gauraya: siminti ɗaya, yashi biyar ko shida ya isa bangon waje. Wanda ya cika siminti don burga zai ga tsaga, wanda ya rage don ya sayar da buhu a bayan fage zai ga bango na zuba in an goga masa yatsa. Na biyun ya fi yawa, kuma ba kullum laifin mai gida ba ne.

Iyaka ma tana da hannu a aikinmu. Da aka rufe ta a Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe Illela cikin iyakoki huɗu na farko, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kasuwa ta mutu, gine-gine suka tsaya a lintal, 'yan cin rani suka ragu. Masana'antar Kalambaina tana hannun kamfanin BUA yanzu, ta faɗaɗa ƙwarai tun 2018, tireloli na wucewa ta gabanmu, amma kuɗin buhu bai sauko ba.

Yau gidajen manya a bakin titin Sakkwato tayil ake manna musu a fuska, ciki kuma a yi sumul da farar hoda, aikin da mutanen Kwatano da Togo suka fara kawowa kafin yaranmu su ƙware. A bayan layi kuwa tsadar siminti ta mai da mutane da yawa ga laka. Suna neman wanda zai yi musu yaɓe, sai a tarar mai kwaɓin bai san a bar shi ya ruɓa ba, yau a haƙo yau a shafa. Tsofaffin da suka iya haɗa makuba sun yi ƙaranci a cikin gari, in ana bukatarsu sai an aika ƙauye ko an haye Ƙonni, kuma a jira su gama da gonakinsu tukuna.