Yadda Kirista suka koya wa yara jiran Kirsimeti

Kowace shekara, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, wadda muka fi sani da Nowel, Kirista da yawa kan shiga lokacin da ake kira Adben. Kalmar daga Latin take, ma'anarta "zuwa". Kwanaki ne na jira da bege, ana tuna haihuwar Almasihu, ana kuma sa ran dawowarsa.

Da azumi abin ya soma. A ƙarni na 5, bishof Perpetuus na birnin Tur a Faransa ya umarci mutanensa su yi azumin kwana uku kowane mako, daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Ranar farawar ita ce ranar tunawa da Martin, sojan da aka ce ya raba mayafinsa biyu da takobi, ya ba wani almajiri rabi cikin tsananin sanyi. Ke nan da tawali'u da kyauta ake buɗe jiran. A 581, taron shugabannin majami'a a garin Makon ya tsayar da kwanakin: Litinin, Laraba da Juma'a. Majami'ar Roma kuwa ta tsaya kan Lahadi huɗu.

Abin da ya fi shafarmu, malamai da iyaye, ya faru ne a Jamus. A 1833, Johann Hinrich Wichern ya buɗe gidan renon yara marasa galihu kusa da Hambug. Idan Disamba ta kama, yaran kan dame shi da tambayar yaushe bikin zai zo. A 1839 ya samo tsohuwar ƙafar amalanke, ya jera mata kyandirori, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi. Kullum sai a kunna ɗaya, yara su ƙirga saura da idonsu. Daga nan al'adar kyandirori huɗu ta bazu cikin majami'u da gidaje.

Wichern bai tsawata wa yaran kan gaggawa ba, bai kuma ba su kyauta kafin ranarta ba. Ya san yaro ba ya koyon haƙuri da wa'azi kaɗai, sai ya ga kwanaki suna raguwa, ya ga babba ya cika alkawari jiya, ya cika yau. Duk uwar da ta taɓa ƙirga wa ɗanta kwanakin azumi ta san haka.

Mu da ke cewa ƴaƴanmu ba su da haƙuri, mu duba alkawuran da muka yi musu a gida da lakwal, mu ga nawa muka cika a ranar da muka sa.