Direban linzamin kwamfuta

Direban linzamin kwamfuta wata ƙaramar manhaja ce da ke karɓar saƙonnin da linzami yake aikawa, ta mayar da su bayanin da tsarin aikin kwamfuta yake amfani da shi wajen motsa kibiyar da ke kan allo, da gane danni, da gungura shafi. Shi kansa linzamin bai san inda kibiya take ba. Iyakar abin da yake faɗa shi ne ya matsa kaza zuwa dama ko hagu, kaza zuwa gaba ko baya, da kuma maɓallin da aka danna. A yau Windows da macOS da Linux duk suna zuwa da direba na gama-gari a cikinsu, shi ya sa yawancin linzamai suke fara aiki da zarar an jona su. Wannan ya sa da yawa daga cikin matsalolin da ake ɗora wa direba asalinsu daga wani wuri suke, kamar batir ko waya ko kafar USB.

Suna

Kalmar direba aro ce daga Turanci, kuma Hausa ta daɗe da karɓarta da ma'anar matuƙin mota kafin a faɗaɗa ta zuwa manhaja. Ita kuwa na'urar, Turanci ya ba ta sunan ɓera saboda siffarta da wayar da ke fitowa daga jikinta kamar wutsiya. Hausa ba ta bi siffa ba, ta bi aiki: linzami, wanda asalinsa kalmar Larabci ce, shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki don a juya shi inda ake so. A bakin masu gyaran kwamfuta da 'yan kasuwa an fi jin maus.

Tarihi

Douglas Engelbart da Bill English ne suka ƙera linzami na farko a cibiyar bincike ta Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, aka kuma nuna shi a bainar jama'a ranar 9 ga Disamba 1968 a San Francisco. Kwamfutocin farko da suka yi amfani da shi, irin su Xerox Alto ta 1973 da Macintosh ta 1984, kamfani ɗaya ne ya haɗa na'ura da manhajarta, don haka mai saye bai da ruwa da girka direba.

Lamarin ya bambanta a kwamfutocin IBM da makamantansu, domin MS-DOS bai san da linzami ba kwata-kwata. Lokacin da Microsoft ya fitar da linzaminsa a 1983, ya haɗa shi da direba a faifai. Mai kwamfuta ne zai rubuta sunan fayil ɗin MOUSE.COM a cikin AUTOEXEC.BAT, ko MOUSE.SYS a cikin CONFIG.SYS, don ya loda duk lokacin da aka kunna na'ura. Sauran manhajoji suna tambayar wannan direba labarin linzami ta wata ƙofa da ake kira INT 33h. Idan bai loda ba, manhaja ko wasa ba za su ga linzamin ba ko da lafiyarsa ƙalau. Direban yana kuma cin wani kaso na kilobayit 640 na ƙwaƙwalwar da DOS yake da ita, abin da ya sa wasu ke cire shi kafin su buɗe manhaja mai nauyi.

Yawancin linzaman wancan zamani ta kafar siriyal ake jona su, kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan yare ɗaya ba. Na Microsoft yana aika bayit uku a kowane saƙo, na Mouse Systems yana aika biyar. Idan aka haɗa linzami da direban da ba nasa ba, sai kibiya ta riƙa tsalle-tsalle tana danna abin da ba a sa ta ba. Akwai kuma rikicin layin katsewa: COM1 da COM3 layi ɗaya suke rabawa, wato IRQ 4, saboda haka linzami a COM1 yakan daskare da zarar modem da ke COM3 ya fara aiki.

A 1987 IBM ya kawo kafar PS/2, 'yar zagayayyiya mai fil shida, wadda daga baya aka saba yi wa launin kore don a bambanta ta da ta allon madannai. Ba a tsara ta don a cire ko a jona linzami kwamfuta tana kunne ba. Wanda ya yi haka sau da yawa sai ya sake kunna na'ura kafin linzamin ya amsa. Da IntelliMouse ya fito a 1996 da 'yar tayar gungura shafi, bayit uku ba su isa ba, kuma ba a so a ɓata wa tsofaffin direbobi aiki. Sai aka yi wata dabara. Sabon direba yakan umarci linzami ya sauya saurin rahotonsa zuwa 200, sannan 100, sannan 80 a jere. Linzami mai taya yana gane wannan a matsayin kalmar sirri, sai ya sauya lambar shaidarsa daga 0 zuwa 3, ya fara aika bayit huɗu. Wanda ba shi da taya ba ya ko kula. Har yanzu direbobin PS/2 suna yin wannan gaisuwa.

Abin da ya kawo ƙarshen rikicin yaruka shi ne USB, wadda ta fito a 1996, da ƙa'idar HID da ta biyo baya.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin ƙa'idar HID linzami ne yake bayyana kansa. Da an jona shi, yakan miƙa wa kwamfuta lambar kamfanin da ya ƙera shi da lambar samfurinsa. Ta Logitech ita ce 046D, ta Microsoft 045E, ta Razer 1532. Sannan ya miƙa wani bayani da ke faɗin yawan maɓallansa, da ko yana da taya, da matsayin kowane abu a cikin saƙonsa. Tunda kowane linzami yana zuwa da wannan bayani, direba ɗaya ya isa ya karanta dubban samfura, har da waɗanda aka ƙera bayan an rubuta shi. Akwai kuma wani sauƙaƙan tsari na bayit uku da BIOS ke amfani da shi tun kafin tsarin aiki ya tashi.

Kwamfuta ce take tambayar linzamin USB ko yana da labari. Linzami na yau da kullum sau 125 ake tambayarsa a daƙiƙa, na wasanni kuma sau 1000 ko fiye.

A Windows aikin a rarrabe yake hawa-hawa. Fayil ɗin mouhid.sys yana kula da linzaman HID, i8042prt.sys yana kula da na PS/2, dukkansu kuma suna miƙa abin da suka samu ga mouclass.sys. A Linux, usbhid da psmouse ne a cikin zuciyar tsarin, sai libinput a samansu mai kula da sauri da saituna.

Manhajojin kamfanoni irin su Logi Options+ da G HUB da Razer Synapse ana yawan kiran su direba, amma babban aikinsu shi ne ba ƙarin maɓallai aiki, da sauya saurin idon linzami, da launin fitilu. Ko babu su, motsi da danni da taya suna aiki.

Girkawa

Linzami mai waya jonawa kawai yake buƙata. Maras waya mai ɗan makarɓin sigina na USB ma haka, in dai akwai batir kuma an kunna makunnin da ke ƙarƙashinsa. Na Bluetooth sai an haɗa shi da kwamfutar tukuna daga shafin saituna, kuma ya dogara ne da direban Bluetooth na ita kwamfutar. A Windows ana duba sakamakon a Device Manager, ƙarƙashin Mice and other pointing devices. Ganin sunan HID-compliant mouse a wurin alama ce ta cewa direban gama-gari ya kama aiki, kuma babu wani abu da ya rage a girka.

Faifan shafawa na kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi neman kulawa. Kamfanoni irin su Synaptics da Elan da Alps ne suka daɗe suna ƙera shi, kowanne da direbansa, har Microsoft ya kawo tsarin Precision Touchpad tare da Windows 8.1. A sababbin kwamfutoci faifan yana bi ta layin I2C ne, don haka bayan an sake ɗora Windows yakan ƙi motsi har sai an girka direban wannan layi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Mai sayen kwamfuta ta hannu da aka yi wa sabon Windows yakan gamu da wannan.

Gano matsala da gyara

Matakin farko shi ne a raba laifin na'ura da na manhaja, kuma gwaji biyu sun wadatar: a sauya kafar USB, sannan a jona linzamin a wata kwamfuta. Idan can ma ya ƙi, babu direban da zai gyara shi. Idan kuma yana motsi a shafin BIOS ko UEFI amma ya mutu da Windows ya tashi, to matsalar ta manhaja ce.

Wasu alamun kusan ko da yaushe daga na'ura suke. Danni ɗaya da ke fitowa biyu yakan nuna makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli ya gaji. Kibiya mai rawa ko tsalle takan biyo bayan ƙura a idon linzami, ko tebur na gilashi ko mai sheƙi. Linzamin da ke ɗaukewa yana dawowa idan an motsa wayarsa, wayar ce ta karye daga ciki. A maras waya, bayan batir, abin zargi na gaba shi ne kafar USB 3.0, wadda ke fitar da hayaniyar lantarki a kusa da zangon gigahaz 2.4 da waɗannan linzamai ke amfani da shi. Intel ya wallafa bayani a kan haka a 2012. Maganinsa a mayar da makarɓin zuwa kafar USB 2.0, ko a nesanta shi da 'yar wayar ƙari.

Idan laifin na manhaja ne, za a iya isa Device Manager ba tare da linzami ba: a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, sannan a yi yawo da Tab da maɓallan kibiya. Haɗa Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock kuma yana kunna Mouse Keys, inda maɓallan lambobi ke motsa kibiya. Na'ura mai matsala tana ɗauke da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, tare da lamba. Lamba 28 na nufin ba a girka direba ba, 10 na nufin na'urar ta kasa tashi, 43 na nufin Windows ya tsayar da ita saboda ta ba da rahoton matsala, 52 kuma na nufin an kasa tabbatar da sa hannun direban.

Gyaran da aka fi yi shi ne a cire na'urar da Uninstall device, sannan a sake kunna kwamfuta don Windows ya girka direban da kansa. A nan akwai bambanci tsakanin Restart da Shut down. Tun daga Windows 8, tsarin Fast Startup yana adana halin da direbobi suke ciki idan an kashe kwamfuta, ya dawo da su yadda suke idan an kunna, har da matsalar. Restart ne yake loda su daga farko. Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, Roll Back Driver yana dawo da na baya, muddin Windows yana riƙe da shi. Linzamin da ke mutuwa bayan kwamfuta ta yi barci kuwa, sau da yawa tsimin wuta ne ya kashe kafarsa, kuma ana hana hakan a shafin Power Management na USB Root Hub.

Wani lokaci direban da ya ɓata na wata na'ura ne dabam. Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba, don haka a kwamfutoci da yawa da aka ƙera daga 2015 linzami da allon madannai sukan mutu tare tun a shafin girkawa. Akwai kuma tsohuwar matsalar da Windows kan ɗauki na'urar GPS da aka jona ta kafar siriyal a matsayin linzami mai suna Microsoft Serial Ballpoint, sai kibiya ta riƙa yawo da kanta tana bin bayanan tauraron ɗan'adam.

A Linux, umarnin lsusb yana nuna ko an ga na'urar, dmesg yana nuna direban da ya karɓe ta, libinput list-devices kuma yana nuna saitunanta. A macOS, manhajar kamfani ba za ta iya sarrafa ƙarin maɓallai ba sai an ba ta izini a sashen Privacy & Security.

Tsaro

Direba yana aiki ne a zuciyar tsarin, inda yake da iko a kan komai. Shi ya sa tun daga Windows Vista nau'in bit 64 ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu na lantarki. Shafukan intanet da ke tallan manhajar sabunta direbobi duka a danni ɗaya ba su da abin da za su ƙara wa linzamin HID, kuma wasunsu kan shigo da tallace-tallace ko manhaja mai cutarwa. Windows Update da shafin kamfanin da ya ƙera na'urar su ne hanyoyin da aka fi amincewa da su.

Su ma waɗannan hanyoyi an taɓa samun ɓaraka a cikinsu. A 2016 kamfanin tsaro na Bastille ya bayyana raunin da ya kira MouseJack, inda mutum daga nesa zai iya aika danne-dannen ƙarya ta makarɓin siginar wasu linzamai marasa waya. Wasu kamfanoni sun fitar da gyara, wasu samfuran kuma ba su gyaruwa sai dai a sauya su. A watan Agusta 2021 an nuna cewa jona linzamin Razer kaɗai yana sa Windows ya sauke manhajar girka Synapse ya buɗe ta da iko mafi girma, kuma daga tagar zaɓen wurin ajiye fayil mai amfani na gama-gari zai iya buɗe PowerShell da wannan iko. Razer ya amsa da cewa zai gyara manhajar girkawar.